Jakar Makarantar Matata

Lokacin da muka tare a Bronx, can ƙasar Turawa, ni mutum ne mai ganin ya gama sanin duniya. Na zauna Abijan, na zauna Kumasi, na yi Jidda, ga 'yar takardar difloma da na taho da ita daga gida, ina tuƙa tasi ina cika fasinja da labari. Matata kuwa a firamare ta tsaya. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, ta ɗago su daga gado, ta yi musu wanka, ta mayar. Wata rana ta ce mini akwai ajin manya ranar Asabar kusa da mu, tana son shiga ko ta samu aikin zama a ofis nan gaba. Ni da bakin nan nawa na zolaya, na ce ashe sai mu sayo wa Hajiya jakar makaranta in riƙa raka ta, kuma wa zai tuƙa mini tuwon Asabar? Ta yi dariya, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ban ce kar ta je ba, amma wallahi na hana ta.

Da gwiwata ta fara ciwo, takardar nan ce ta cece ni, aka ba ni kujera a ofishin tasi ina amsa waya. Da bayanta ya ƙi, bayan shekaru tana ɗaga mutanen da suka fi ta nauyi, babu kujerar da ke jiranta. Sallah ma a zaune take yi. Likita ya ce ita da aikin nan har abada. Ranar da muka je neman fanshon waɗanda ciwo ya hana aiki, na dubi masu jira, yawancinsu mata ne sa'o'inta, kowacce dafe da ƙugu. A nan dariyata ta ƙare.

Alhamdulillahi, bayan dogon jira aka amince mata. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Cewa kawai ta yi, tunda yanzu ba ta da tsohon da za ta yi jinya sai ni, Alhaji ya yarda ta shiga ajin?

'Yan uwana maza, jiki ba ya shawara ranar da zai gaji, kuma matanmu da ba su yi nisa a karatu ba su ne ke aikin da ke cinye shi. In ta ce tana son karatu, ka riƙe bakinka. Yanzu kowace Asabar ni nake rataye mata jakar har ƙofar aji. Tuwon ma ni nake tuƙawa, duk gudaji, tana ci tana ba ni maki.