Mazarƙwailar Jiya

Duk wanda ya ce mini kwanciyar hankali a zuci kawai take, babu ruwanta da halin da mutum ke ciki, raina ɓaci yake yi. A da ni ma haka nake faɗa, har da yayana nake kafa hujja.

Yayan nawa mai dafa mazarƙwaila ne a wani ƙauye kusa da Kudan. Shekarar da ambaliya ta kwashe masa rake, dariya ya yi, ya ce ashe kogi ma na son zaƙi. Ran da ya kai kaya kasuwar Makarfi aka yi masa tayin wulaƙanci, yana tsokanar direba ya dawo. Sai mu ce Allah ya ba shi wadatar zuci. Ba mu lura da cewa komai ya rasa, kaskonsa na nan yana jiransa ba. Ruwan rake na tafasa, shi yana tsaye da ludayi, ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, ya murza, ya ɗanɗana, ya ce, "Sauke!" In an sauke da wuri ba ta daskarewa, in an makara ta ƙone. Babu mai faɗin kalmar nan sai shi.

Sai ciwon suga ya kama shi, aka hana shi ɗanɗano, daga baya ya ci masa ido. Na ɗauko shi zuwa gidana a Ikara don kusa da asibiti. Na ba shi ɗaki mai fanka da katifa, abin da bai taɓa kwana a kai ba. Masu dubiya su ce yaya jiki, ya ce Alhamdulillahi, su fita suna yabon haƙurinsa. Ni da ke gidan na san dariyar ta tafi. Da lokacin saran rake ya zo ya soma ture kwano.

"Malam," haka yake kirana don tsiya, "kai ni in ji ko kaskon ya manta ni."

Na kai shi. Babban ɗansa, wanda ya gaji aikin, ya shimfiɗa masa buhu gefen murhu. Ƙamshi na dukan hancinsa ya miƙe zaune, fuskarsa ta washe, har ya zagi wutar wai ta yi sanyi. Na ji daɗi ƙwarai. Can ya ɗaga hannu ya ce, "Sauke!"

Ɗan ya dubi kaskon, ya dube ni. Ko ni da ban san aikin ba, na ga ruwa-ruwa take. Amma wa zai ce wa ubansa bai yi daidai ba a gaban ma'aikata? Ya ce, "To, Baba." Aka sauke, aka zuba a ƙananan kwanoni. Muka yi ta hira, ta ƙi daskarewa.

"Ku miƙo ɗaya in taɓa," in ji Yaya.

Ɗan ya lallaɓa rumfa ya ɗauko guda cikin ta jiya, mai tauri, ya ɗora masa a tafin hannu. Yaya ya juya ta, ya shafa gefenta, ya kai ta kumatunsa. Sabuwar mazarƙwaila da ɗuminta take fitowa daga kwano. Wannan sanyi ƙalau.

Sannan ya miƙa wa ɗan, ya ce, "Ta yi kyau. Allah ya yi maka albarka." Ya laluba sandarsa.

"Malam, mu tafi gida."

Tun da na kai shi Ikara bai taɓa kiran gidana gida ba sai ranar. Na yi kuka a mota, ina rufe baki don kada ya ji. Ya riski wani lokacin saran raken kafin ya rasu, ina ta jiran ya ce in kai shi. Bai sake tambaya ba.