Tsattsewar da Ta Maƙale a Hijabina

Nauyi na fara ji a bayan hijabina, kamar an liƙa mini jiƙaƙƙen tsumma. Muna fadama ana bugun shinkafa, iska mai ƙarfi ta wuce ke nan, na kawo wa Baffa fura. Na kai hannu baya, sai wasu farata suka damƙe mini yatsa.

Ni da na ci bayoloji a jarrabawar gama sakandare, na yar da ƙwarya, na tuɓe hijabi a gaban 'yan ƙwadago, na afka cikin taɓo. Har yau ina jin faratan nan.

Goggo, ƙanwar Baffa, ta ɗaga hijabin da sanda. Tsattsewa ce, amma ta ninka irin tamu ta giginya, cikinta fari, fukafukai kamar lauje. A gadon bayanta an ɗaure wani ɗan baƙin abu da zare. Goggo ta ce laya ce, jifa aka yi mini, kuma ta san mai aikin: maƙwabcin da suke rigimar iyakar gona da Baffa. Hujjarta, an ajiye tsuntsuwar a ƙasa ta kasa tashi, sai jan ciki. Ta ce duk wadda irin wannan ya sauka a kanta, in ta kai Juma'a da hankalinta ta gode Allah. Ranar Laraba ce.

Kafin azahar na sha rubutu allo biyu, an turara ni har na yi warin bandar kifi. Goggo na son a ƙone tsuntsuwar, wani ɗan ƙwadago ya ce in dai za a kai ta wuta a sa gishiri. Baffa ya rufe ta a kwando, ya ɗauke ni a babur zuwa Haɗeja, wajen wani tsohon malamin daji da ake wa kallon marar aikin yi don yana yini ƙirga tsuntsaye a dausayi.

Tsohon ya buɗe kwandon, ya ɗago tsuntsuwar a hankali. Ya ce a tsagin manyan duwatsu take sheƙa, can bayan hamada da teku. Takan yi watanni ba ta sauka ba, ci da sha da barci duk a sama. Ƙafarta ba ta tsayuwa, sai maƙalewa. Layar kuwa na'ura ce da masu bincike suke ɗaurawa don su san inda take zuwa.

Na ce, "To Baba, me ya sa ni?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "'Yata, iska ce ta kayar da ita, ta nemi dutse. A fadamar nan kaf babu abin da ya fi ki tsawo. Babu wanda ya jefe ki. Je ki wanke taɓon nan."