Sirinjin da Ke Haɗiye Allurarsa

A unguwar Sunshine, yamma da birnin Melbourne, in ka ce Salvu Mifsud ba kowa zai gane wanda kake nufi ba. Amma in ka ce mijin Rozina mai wankin asibiti, har ƙofar gida za a raka ka. Shi bai taɓa jin haushin haka ba. Yana saurayi ya sauka daga jirgin ruwan da ya kwaso su daga Malta, ya shiga wata masana'anta mai yi wa kamfanonin mota ƙananan kayan roba, bai kuma sake neman wani aiki ba. Sana'arsa sassaƙa ƙarfen zubi, wato ƙarfen da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki ta fito da siffar da ake so. Gajere ne kakkaura, magana ba ta dame shi ba. In mutum ya cika shi da surutu sai ya tura tabarau bisa goshi ya zuba masa ido har ya gaji ya tafi. Rozina ce ke yin maganar gidan duka, tata da tasa.

A shekarun da ƙanjamau ta fara firgita mutane, wata safiya Rozina ta cusa hannu cikin buhun zannuwan gado da aka sauko da su daga ɗakunan majinyata na hawan sama, sai ta ji abu ya soke ta a tsakiyar tafi. Allura ce, tana nan jikin sirinjinta, ta naɗe cikin zane. Safar roba ba ta tsare komai ba. Babu kuma wanda ya san jikin wa aka soka da ita. Aka ɗebi jininta, aka ce ta je gida, sai bayan watanni za a san ko ta ɗauki wani abu.

Tun daga ranar Rozina ta ware kofinta da cokalinta. Ta koma kwana a tsohon ɗakin 'yarsu. Ranar Lahadi in an kawo jikoki sai ta harɗe hannuwa a ƙirji ta tsaya daga nesa tana yi musu murmushi. Abin da ya fi damun Salvu shi ne ta daina magana. Mutumin da ya shekara talatin yana roƙon Allah shiru a gidansa, sai ga shi ya samu, ya kasa cin abinci.

Da abin ya ishe shi ya saka kwat ɗinsa na zuwa coci ya nufi asibitin, da niyyar sai ya ga wanda ya yar da allurar. Aka haɗa shi da Sista Noreen Kealy, shugabar nas-nas ta sashen da buhun ya fito, doguwa mai murya kamar ta kwandasta. Ta ba shi haƙuri sau ɗaya, bai karɓa ba, ba ta kuma maimaita ba. Sai ta danƙa masa matashin kai ta ce ya matse shi a hammata, ya ɗauka yaro ne mai shure-shure. Ta ba shi sirinji a ɗaya hannun, ta ce to an gama allura, ya mayar da murfin. Ta ce ya ƙaddara kwandon zubar da allurai yana can ƙarshen ɗaki, wani majinyacin yana kira, wani yana amai. Salvu ya gwada, murfin ya faɗi ƙasa. Ta nuna masa ɗan yatsanta, ita ma allura ta sha sokinta.

"An ce kai maƙeri ne, Malam Salvu," in ji ta. "To dubi abin nan da kyau. Ta gama aikinta, amma ga bakinta a waje kamar ba ta yi komai ba. Ka je ka yi mana wadda in ta ciji mutum ɗaya ba za ta ƙara cizon wani ba, ni ma in huta da ganin mazajen mutane da kwat ɗin coci a ofishina."

Don ta rabu da shi ta faɗa. Shi kuwa ya sa sirinjin a aljihu ya tafi.

Ranar da sakamakon jini na ƙarshe ya fito, tun daga bakin titi Salvu ya jiyo muryar matarsa tana yi wa maƙwabciya faɗa a kan karenta. Ya san lafiya lau ne. Ya zauna a kan dakalin gareji. Kowa ya zaci maganar sirinji ta mutu ke nan, amma a lokacin ya riga ya yanka sirinji ya fi a ƙirga, ya kuma sayo tsohon injin gurzar ƙarfe ya kafa a inda mota take kwana. Motar ta koma kwanan waje.

Na farko da ya yi, sifirin ɗin biro ya sa masa, wato murɗaɗɗiyar wayar nan ta cikinsa, don in an gama allura ya fizgo ta baya. A jikin lemo yake gwaji, kamar yadda ɗaliban nas ke koyo. Ya kira Rozina ta zo ta gani. Ya danna, allurar ta fasa bayan sirinjin, ta wuce ta gefen kunnensa ta kafe a katakon rufi. Rozina ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonta.

"Sannu da aiki, Maigida," ta ce. "Da can sai ka kai mata hannu take soka. Yanzu ka koya mata tashi sama."

Na biyu kube ya yi masa, wanda ake jawowa ya rufe allurar. Ya kai wa Sista Noreen da murna. Ta juya shi sau biyu ta tambaye shi a ina za ta aro hannu na uku, tunda ɗaya yana riƙe da yaro, ɗaya da sirinji. Ya koma kan sifirin, ya rage masa ƙarfi. Na ukun ya yi kyau a ido, allura tana shigewa ciki salin-alin, sai dai wani lokaci takan gudu tun magani bai ƙare ba. Noreen ta ce wannan ya fi na kasuwa haɗari, domin rabin magani yaudara ne, mutum ya tafi yana zaton an yi masa rigakafi alhali ba a yi ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi masa zafi. Ya tattara kayansa bai yi mata sallama ba.

Ana cikin haka masana'antarsu ta rufe, don kamfanonin mota sun koma sayen kaya daga waje. Salvu ya sa wa gareji kwaɗo. Ya koma zaman kujera a bayan gida, yana kallon bishiyar lemon da a da yake tsinke ta tun 'ya'yanta ba su nuna ba. Kusan shekara ya yi a haka.

Rozina ba ta lallashe shi ba, ba halinta ba ne. Wata rana dai ta dafa farfesun zomo, ta ajiye masa kwano, ta kuma ajiye wani ɗan abu a gefen kwanon. Maɓallin ƙarfe ne irin na rigunan majinyata, mace da namiji, wanda ake dannawa ya ce ƙwas. Kullum injin wanki sai ya ciro irinsu, ita ke tsincewa.

"Kullum ina ɓalla ɗaruruwan abin nan," ta ce. "Ba ya kamawa sai ka danna shi har ƙarshe. Rabin dannawa ba ya yi masa komai. Ni dai ban yi karatun ƙarfe ba, na ce ko zai yi maka amfani, in ba haka ba ka ci abincinka."

Ya ɗauki maɓallin ya ɓalla, ya ɓalle, ya sake ɓallawa. Farfesun ya huce a wurin. Ya tashi yana neman makullin gareji, ita ta ciro shi daga aljihun rigarta ta miƙa masa.

Abin da ya fito daga wannan shi ne na huɗu. A bakin sandar da ake dannawa ya yi macen maɓalli, a gindin allura ya yi namijin. Ba sa haɗuwa sai sanda ta kai ƙasa, wato sai ɗigon magani na ƙarshe ya fita. Suna haɗuwa sai sifirin ya saki, ya janye allurar a hankali zuwa cikin bututun. A jikin bututun kuma ya yi wasu 'yan haƙora masu riƙe sandar. In ka tura ba ta tafiya, in ka ja da ƙarfi sai ta karye. Babban yatsa ɗaya ya ishe shi duka.

Rozina ce ta kira Noreen a waya, don shi ya ce ba zai kira ba. Ta zo ranar Asabar da rana, ta zauna a teburin kicin, ta matse matashin kujera a hammata ta soki lemo. Ƙwas, allura ta ɓace. Ta soki wani, ta soki wani, har kwandon lemon ya ƙare. Daga nan ta koma neman hanyar cutar abin. Ta buga shi a tebur, ta sa haƙori, ta sa Rozina ta kawo mata filaya. Sandar ta karye a hannunta, allurar tana ciki ba ta ko leƙo ba. Ta share hannu a jikin siket, ta ce ya yi. Sai ta ƙara da cewa tunda take ba ta taɓa ganin sirinji mai muni irinsa ba. Salvu ya yi dariya har sai da ya cire tabarau.

Sauran hanyar ba ta zo da sauƙi ba. Lauyan da ya je wurinsa ya gaya masa cewa mutane da yawa a ƙasashe da yawa suna kan irin wannan aiki, maɓallin ne kaɗai sabo a nasa, shi aka yi wa rajista. Manyan kamfanoni ko amsa ba su ba shi ba. Wadda ta saurare shi ita ce Hanh Quach, mai wata ƙaramar masana'antar murfin kwalba a unguwar Braybrook, wadda ta zo ƙasar daga Vietnam a kwale-kwale. Tana gama kallon gwajin ta ce masa yayanta ciwon hanta ne ya kashe shi, a ƙauyensu kuwa allura ɗaya mai magani yake bin gida-gida da ita. Sai ta tambaye shi yaushe zai fara ƙarfen zubin.

Shi ya sassaƙa ƙarfen da hannunsa, ya kuma ce duk rayuwarsa bai yi aikin da ya kai shi wuya ba, don haƙoran bututun ba su fi gashin gira kauri ba. Hukuma ta ɗauki shekaru tana gwaji, tana dawo da shi a gyara, yana gyarawa yana ƙunƙuni. Gashinsa ya gama yin fari kafin a ba su izini.

A sashen Noreen aka fara amfani da shi. Da fari nas-nas suka ce ƙarar ƙwas ɗin tana razana yara, daga baya yaran suka koma jiran ta. Shekara ta zagayo, matan ɗakin wanki suka lura babu wadda allura ta soka daga buhunan wannan hawa. Su ne suka tasa shugabannin asibitin a gaba, Rozina na kan gaba, har aka sa shi a kowane sashe.

Bayan Noreen ta yi ritaya ta bi wata tawagar rigakafi zuwa tsibiran Vanuatu, ta tafi da katan-katan na sirinjin. Da ta dawo ta zo gidan ta ba su labari. A can, in ji ta, akwai wani dattijon ma'aikacin lafiya da ya shekara da shekaru yana tafasa allurai a tukunya, ran da babu kananzir kuma sai abin da hali ya yi. Da ya ga ana jefar da sirinji bayan sokin mutum ɗaya sai ya ce almubazzaranci ne. Ya wuni da wuƙa yana son ciro allurar, bai iya ba. Daga ƙarshe ya tambaye ta wane mai taurin kai ne ya ƙera wannan abu. Ta ce masa ya gode Allah bai haɗu da shi ba. Dattijon nan, in ji Noreen, shi ne kuma ya tsaya a gaban hukumar lafiyarsu ya ce kada a sake aiko masa da wani iri sai wannan.

Ranar da aka yi lodin babban kaya na farko zuwa tsibiran, Hanh ta tsayar da injina ta kafa rumfa a harabar masana'anta. Matan ɗakin wanki suka cika bas guda suka zo da tire-tiren pastizzi masu zafi, wato fanken Malta mai cuku a ciki, ma'aikatan Hanh suka kawo nasu abincin, Noreen ta zo da hula mai fulawa. Aka ce Salvu ya yi jawabi. Ya miƙe, ya tura tabarau bisa goshi, ya dubi jama'a, ya dubi babbar motar da aka cika maƙil. Jim kaɗan ya nuna matarsa da yatsa.

"Maɓallin nata ne," ya ce. Ya zauna.

"Ku zama shaida," in ji Rozina daga inda take rabon abinci. "Shekara arba'in ina auren mutumin nan, sai yau ya faɗi gaskiya a gaban jama'a."

Aka fashe da dariya, matan wanki suka ɗauki tafi da guɗa, direba ya danna oda motar ta fita daga ƙofa. Salvu ya bi ta da ƙafa har bakin titi, ya tsaya yana kallo sai da ta sha kwana.

Ba a rubuta sunansa a jikin kwali ba, bai kuma nema ba. Har ya tsufa tukuf, duk ranar Alhamis yakan hau bas ya je Braybrook, ya ɗebi sirinji daga kan layi ya soki lemo, ya yi wa samarin injiniyoyi gardama a kan sifirin. Su ma sun saba, sukan ajiye masa kujera da shayi. Da sanyin ƙashi ya kama yatsun Rozina ta daina iya buɗe kwalbar maganinta, sai ya sake shiga gareji. Murfi na farko da ya yi mata, tana taɓawa ƙwayoyin suka watse a tsakar ɗaki. Su biyu suka durƙusa suna tsinta, tana gaya masa abin da ke ranta, shi kuwa yana juya murfin a hannu yana duba inda ya kuskure.