Tattabarun da Baba Ilu Ya Kora Saboda Baƙo

Wata rana a Funtuwa, wani dattijo, Baba Ilu, ya kwashe tattabarunsa kaf ya fitar daga gida.

Shekara talatin yana kiwonsu fa, jama'a!

Ɗansa Nafi'u ne ya je karatun likita Lahore, a Pakistan, ya dawo da mata, Rubina. Yanzu ga mahaifinta zai zo ganin gidan da 'yarsa ta shiga.

Baba Ilu ya dubi tsakar gida, kashin tsuntsu ko'ina. Tsoronsa kada baƙo ya raina su, ya ce a akurki aka ajiye masa 'ya.

Ya zuba tattabarun a kwanduna, ya kai wa ƙaninsa a Bakori.

Duk mai kiwo ya san ƙa'ida: in ka sauya wa tattabara gida, sai ka fige mata gashin fiffike, in ba haka ba komawa za ta yi. Baba Ilu ya kama ta farko zai fige, hannunsa ya ƙi. Haka ya baro su, ya dawo ko abinci bai iya ci ba.

Washegari aka share, aka wanke, aka turara gida. Baƙo ya iso, aka shimfiɗa masa darduma a inuwa.

Ana cikin gaisawa sai ga tattabaru, fir! fir! Su arba'in cif. Ɗaya ma, don iya shege, kan hular Baba Ilu ta sauka.

Wayyo kunya! Da ƙasa za ta tsage, da ya shige.

Baƙo kuwa zumbur ya miƙe yana faɗin, "Kabutar! Kabutar!"

Baba Ilu ya ce, "Nafi'u, ba shi haƙuri, yanzu zan kore su."

"Haƙurin me, Baba? Ya ce tun da ya baro gida yake kewar nasa. Ɗari biyu gare shi a saman soro!"

Baƙon ya ɗauki ɗaya yana shafa bayanta, Nafi'u na fassarawa. Kabutar sunan tattabara ne a Urdu, daga Farisanci suka gaje shi. Asalinsa launi ne, kabud, wannan shuɗin mai toka-toka da ke jikinta. A wurinsu ita ce 'yar aiken masoya, don ba ta manta gida.

Sai baƙon ya ƙara da cewa, "Tsuntsuwar nan ba ta komawa inda ake wulaƙanta ta. Na ga gidan da 'yata take, hankalina ya kwanta."

Baba Ilu ya yi dariya har da hawaye. Abinci ya huce, dattijan biyu na tsugune suna watsa dawa.

Darasi: Kada ka ɓoye abin da kake ƙauna don gudun raini. Wataƙila shi ne zai yi maka shaida.

Tura wa wannan abokin naka da ke ɓoye halinsa in surukai za su zo. Ka san shi ai!