Tandar da Aka Tsamo daga Teku

A ƙarshen shekarun casa'in ina koyar da zane a makarantar 'yan mata, muna zaune a unguwar Al-Sih ta Madina ni da Inna da yayana. Shi aikinsa a Yanbu yake, bakin teku, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Can ya koyi nutso, har ya shiga cikin wasu mutum shida da ke bin wani daktan jami'a suna binciken tsohon jirgin katako da ya nitse a jikin duwatsun murjani. Ba a san shekarar da ya nitse ba, ba a san masu shi ba. Yaya ya ɗauki aikin nan kamar ransa. In yana ba mu labari tuwonsa har sanyi yake yi.

Ni ma aikin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ba sa taɓa komai sai sun ja igiyoyi a ƙasan ruwa sun raba wurin gida-gida, sun auna, sun rubuta da fensir a kan allon roba. Abin da aka tsamo kuma ba a barinsa ya bushe. Sai an jiƙa shi a ruwan daɗi makonni, ana sauya ruwan, har gishirin ya fita, in ba haka ba ya marmashe a hannu. Ba su da mai zane, shi ya sa Yaya ya ambace ni. Yakan zo da kaya ɗaya ko biyu a bahon roba, kowanne da katinsa, in auna in zana da tawada, in kwafe abin da daktan ya rubuta a ƙarƙashin zanen.

Wata Laraba, jajibirin hutun mako a can, ya sauke baho a tsakar gida ya wuce wanka. A ciki akwai ɓarin yumɓu mai kauri, mai gurabu biyar da rabin na shida. Katin ya ce abin zuba dalma ne, irin wadda masunta ke ɗaura wa raga don ta nitse. Ina cikin fere fensir Inna ta zo wucewa da buta, ta leƙa.

"Wa ya fasa tanda ya jefa a ruwa?" in ji ta.

Na sake duba bahon, kunya ta rufe ni. Shekara ashirin da bakwai ina cin masar da aka soya a irin wannan abu, amma da na ga rubutun dakta sai idona ya bi rubutun. Inna ta naɗe hannun riga ta juya shi a hankali cikin ruwan. Bayansa baƙi ƙirin da wuta. Ta sa babban yatsa a gurbi ɗaya ta zaga, ta koma na biyu.

"Mai ita bahaguwa ce," ta ce. "Dubi gefen da tsinke ya cinye. Ni nawa a ɗaya gefen yake ci."

Inna a Madina aka haife ta, amma mahaifiyarta da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa cikin ayarin mahajjata. Shekaru suka yi a hanya, suna tsayawa gari-gari, maza na noma, mata na suya, har suka kai tashar jiragen ruwa ta Sawakin suka hau irin waɗannan jirage. Ba kowane jirgi ne ya iso ba. Wanda ƙanwar kakata ta hau ba a sake jin labarinsa ba. Ban taɓa cewa shi ne wannan ba, kuma Inna ma ba ta ce ba. Abin da muka sani kawai, wata mace tamu tana cikin jirgin nan, kuma ba wanda zai sani in katin ya tafi yadda yake.

Da Yaya ya fito na nuna masa. Ko kallon bahon bai yi ba.

"Halas, ya uhti, ya isa haka, ƙanwata. Rubuta abin da ke katin."

"Yaya, ka san tanda ce."

"Na sani ko ban sani ba, daktor ya riga ya rubuta. Ni wane ne?"

A nan na gane cewa tun a ƙasan ruwa ya gane ta. Faɗa ne bai yi ba. A cikin mutum shidan nan shi kaɗai ne baƙar fata, kuma shekara biyu ya yi yana lallaɓawa kafin su daina kiransa Takruni, sunan raini da ake wa irinmu, su koma kiran sunansa. Ba ya son ya miƙe a gabansu ya ce uwarsa masa take soyawa a ƙofar gida. Na ji tausayinsa, amma haushinsa ya fi tausayin yawa. Na ce masa kowa ya ƙi gidansu ya ƙi kansa. Ya ce bakina ya fi hankalina sauri, wanda kuma ba shi ne na farko da ya faɗa ba.

Tunda da awo suke magana, da awo na amsa musu. Na ɗauko tandar Inna bayan ta huce, na wanke ta, na auna faɗin kowane gurbi da zurfinsa. Na zana su biyu a takarda ɗaya, ta teku a sama, ta Al-Sih a ƙasa, ciki da baya. Bambancin gurabun bai kai faɗin farce ba. Na rubuta cewa babu ɗigon dalma ko ɗaya a jikinta, kuma wutar daga ƙasa ta ci ta, yadda take cin abin girki. A ƙarƙashi na sa: tanda, kaskon suyar masa na matan Hausawa. Inna tana gefe tana mita wai na hana ta shafa wa tandarta mai.

Yaya ya kai wa daktan takardar don ba shi da yadda zai yi. Bayan kwana huɗu, da la'asar, wayar gida ta yi ƙara. Daktan ne, mutum mai ladabi, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ya yaba hannuna sosai, sannan ya ce a iliminsu ba a sa wa abu suna sai an sami makamancinsa a littafi.

Na ce, "Ya daktor, makamancinsa yana kan wuta kowace safiya a gidanmu. Bismilla, ka zo ka karya, ka auna da kanka."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce kicin ba hujja ba ne, amma don darajata zai cire maganar dalma, a rubuta cewa ba a san amfaninsa ba. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana ɗaga mini hannu in karɓa. A ganinsa an raba gardama.

Ban karɓa ba. Maganar dalma kuskure ce, kowa na yi. Amma a ce ba a sani ba bayan an faɗa masa, wannan ƙarya ce, kuma da hannuna ake so in rubuta ta. Na ce masa zanena ne, in zai fita, da sunan abin zai fita, in ba haka ba a dawo mini da shi. Ya ce to, za a dawo da shi.

An dawo da shi kuwa, a cikin ambulan, ba ko wasiƙa. Yaya ya mayar da bahon, kuma da aka koma teku ba a kira shi ba. Ba wanda ya ce masa saboda ni ne, ba kuma wanda ya buƙaci a faɗa. Ya ajiye kayan nutsonsa a saman kabad, ya yi wata uku ba ya amsa mini komai sai sallama. Ranar da ya buɗe baki, cewa ya yi na rufe masa teku saboda kaskon suya.

Gaskiyarsa ce, kuma har yau tana ci mini rai, don ni ban yi asarar komai ba, shi ya yi. Na ba shi haƙuri a kan tekunsa sau da yawa. A kan katin ban taɓa ba shi ba. Matar nan ta ɗauko tandarta a ka daga inda Allah kaɗai ya sani, ta ciyar da mutane a hanya, ya rage saura kaɗan ta iso. Ba ta da suna, ba ta da kabarin da za a tsaya a yi mata addu'a. Abu ɗaya ne ya fito daga ruwan yana shaidar ta zo, kuma ba da alƙalamina za a ƙwace mata shi ba.