Ranar Da Umma Ta Wanke Agogunan Abba

Abbanmu bai tara komai a duniya ba sai agogunan aljihu. Maƙwabtanmu a Nassarawa GRA suna ta filaye da motoci, shi kuwa tun da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa sai ya koma bin 'yan gwanjo da tsofaffin abokan aiki. Duk inda ya ji labarin tsohon agogo mai sarƙa da murfi, to ƙafarsa ƙafar wurin. Ya ware musu ɗaki guda a ƙarshen baranda, ya garƙama kwaɗo. Ni kaɗai yake bari in shiga, don sunan mahaifiyarsa na ci, Uwata yake ce mini. Ko ni ɗin ma sai na goya hannuwa a baya.

Akwai guda ɗaya da ya tsaya masa a rai, na kakanmu, mai murfin azurfa da ya yi baƙi ƙirin don tsufa. Tun Abba yana saurayi agogon ya tsaya. Wata siririyar waya ce ta karye a ciki, ba ta fi gashin kai kauri ba, kuma ita ke sa shi bugawa. Ya gyara na mutane ba iyaka, nasa ya gagare shi, don an daɗe da daina yin irin wayar. Ya sha ce mini, "Uwata, in dai na ji muryar agogon nan sau ɗaya, ko gobe aka kira ni na shirya." In ce, "Haba Abba, wace irin magana ce wannan!"

Ciwon zuciya ya kwantar da shi asibiti, ni ce mai jinya. Muna can sai ga amininsa, wani tsohon malamin makaranta Kirista ɗan ƙasar Zariya, ya taho tun daga Tudun Wada da kwalin ashana a hannu. Ashe ya samo wayar a jikin wani mataccen agogo irin na kaka. Wallahi mutumin da ko kofin shayi ba ya iya riƙewa, ranar da kansa ya tashi zaune. Ya dami likitoci da zancen sallama har suka gaji suka sallame shi.

A gida kuwa Umma ta ji maigida zai dawo, ta sa aka yi wa gidan wankan tsarki. An share, an goge, an turara ko'ina. Garin canza zanen gado ta ci karo da makullin ɗakin agoguna a ƙarƙashin filo. Ta buɗe ta ga azurfa duk ta dafe. Umma kuwa mace ce da ba ta ganin ƙarfe ya yi baƙi ta ƙyale. Yadda take yi wa awarwaronta da tasoshin tagulla na aurenta, haka ta yi musu. Ta jiƙa su cikin ruwan lemon tsami, ta dirje da toka, ta ɗauraye a bakin famfo, ta shanya a rana.

Muna shigowa muka tarar da su a falo, an jere a faranti bisa farin ƙyalle, sai ƙyalli suke yi. Abba ya miƙa hannu ya ɗauki na kaka, ya buɗe murfin, ya karkata shi wajen taga. Ni ma na ga abin da ya gani, gumin ruwa ne kwance a ƙarƙashin gilashin. Na buɗe baki zan yi magana, ya damƙe mini hannu har sai da na ji zafi.

Ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya. Kai, kin fito da su. Tunda nake ban taɓa ganinsu haka ba."

Umma ta yi dariya har da rufe baki da mayafi, ta ce, "Ai da ka ba ni makullin tun tuni, Alhaji, da ba su yi wannan dauɗar ba."

Da muka keɓe ya ce, "Uwata, kada ki kuskura ki gaya mata." Na ce, "Abba, ai ɓarna ce!" Ya ce ya sani, rashin sani ne, shi kuwa ya fi dare duhu.

Kwana da kwanaki muna buɗe su ɗaya bayan ɗaya muna tsanewa, ni ina riƙe masa madubin ƙara girma. Mun ceto kaɗan. Amma tsami ba ya wasa da ƙarfe. Na kaka, da yake shi ya fi baƙi, shi ya fi daɗewa a ruwa, tsatsa ta cinye haƙoran cikinsa kaf. Ranar da ya tabbatar ba zai gyaru ba, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da murfin ya ce in raka shi ɗaki ya kwanta. Bai sake neman makullin ba. Kafin azumin shekarar Allah ya karɓi abinsa, bai ji muryar agogon ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, kuma na rasa wanda zan ji haushi.

Bayan Umma ta fita takaba, wata rana da hantsi na same ta a baranda da farantin a cinya. Ta ce, "Kin san duk zamanmu da mahaifinku, bai taɓa yaba aikin hannuna kamar ranar nan ba? Ko ba komai na faranta masa kafin ya tafi." Ta shafa murfin na kaka da yatsa, ta ce sun fara dafewa kuma, in zan fita in taho mata da lemon tsami.

Na ce to, Umma. Na je na sayo mata.