Layin Dogo a Kan Soson Firji

Shekarar da Baba ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki, ƙafarsa ta dawo, amma hannun dama ya yi taurin kai irin na mai shi. Likita ya ce a riƙa motsa shi, in ba haka ba zai sandare ke nan. Baba kuwa ya cusa shi a aljihun riga, wai ya gama aikinsa. Hannun da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran layin dogo a wajen Dangora. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san ranar da ya sallama hannun nan, kansa ya sallama.

Da Ƙaramar Sallah na je gida Kiru da 'ya'yana, da wani jirgin ƙasa na roba mai batir da na sayo musu a Kano. Suka harhaɗa layinsa a kan tabarma. Ko zagaye ɗaya bai yi ba layin ya zame, jirgi ya kife. Baba yana kallo daga kujerarsa, ya ja tsaki.

"Wa ya taɓa shimfiɗa layi a kan tabarma? Ku nemo masa gado."

Muka samo farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji. Yayana, wanda a wurinsa babu abin da salushan ɗin masu faci ba ya liƙewa, tun daga takalmi har bokiti, ya lafta shi a kai. Muna tsaye soso ya fara narkewa kamar man shanu a kasko. Yaya ya dubi ramin ya ce lallai soson ne jabu. Baba ya yi dariyar da rabon mu ji ta tun kafin ciwon.

Daga nan ya karɓi ragamar aiki. Ya sa Inna ta jiƙo ƙaron da ake haɗa tawada da shi, aka juya soson, aka shafa, aka barbaɗa tankaɗaɗɗen rairayi, aka ɗora layi. Saura abin da zai riƙe shi kafin ya bushe, sai ya ce a tsinko ƙayar aduwa.

Nan fa aka yi ta. Na soka ƙaya, ya ce ta karkace. Yaya ya soka, Baba ya ce wannan ai kisan fasinja ne. Ya gwada da hagu, ƙaya ta karye.

"Ku matsa," in ji shi.

Ya zaro hannun daman daga aljihu. Inna ta harare ni kada in ce uffan. Ƙaya ta faɗi, ya ɗauka, ta sake faɗuwa, ya sake ɗauka yana yi mata faɗa. Kafin la'asar ya kafe layin kaf, gumi ya jiƙe masa hula.

Washegari da hantsi ƙaro ya kama ram. Yara za su kunna jirgi Baba ya hana, wai jirgi ba ya tashi sai an ba shi tuta. Aka kawo koren ɗankwalin Inna, 'yata ta miƙa masa ta hagu.

"Da dama ake bayarwa, amarya," ya ce da ita.

Ya ɗaga. Hannun bai wuce kafaɗa ba, amma ya ɗaga. Yara suka ce jirgi ya yi ta zagayawa bai ko girgiza ba. Ni dai ban ga zagayen farko ba, hannun nake kallo.